Sitiyarinka yana jakata

Baban yara,

Na fito zan tafi aiki, na tarar da babur ɗina ba inji. Na leƙa gareji, sai ga injin ɗaure a jikin motar nan da kake harhaɗawa da tarkacen mutane. Kai da ka ce baƙin mai kawai za ka canza min!

To, ni ma na iya riƙe sifana. Na kwance sitiyarinka, yana jakata, mun tafi aiki tare a ƙafa.

Abokanka da ka gayyato gwajin mota ƙarfe goma, ka ba su kujera su sha kallo.

Injina ya koma mazauninsa kafin in dawo. In ba haka ba, gobe tayoyi zan kwashe.