Sawu na Uku

Katsina, 20 ga Ramadan

Baba,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da ibada, ina gaida Iya. Na rubuto ne don a waya ba ka barina in kai ƙarshen magana.

A ofishinmu muna lissafin haɗurran mota, mun kuma hango cewa makon jajibirin sallah hanyar Daura zuwa Kano za ta ci rayuka. Yawanci direbobin da suka yi sawu uku a yini, ga azumi ga gyangyaɗi, su ne ke tafiya. Don Allah ka tsaya a biyu. Sannan yanzu direba ma yana iya ajiyar fansho, kaɗan-kaɗan. Ba zan daina damunka ba sai ka shiga.

'Yarka,
Amatullah

Daura, 23 ga Ramadan

Amatullah,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, Iyarki na amsawa.

Boko ya yi rana, tunda har kun fara sanin ranar mutuwar mutane. Shekara talatin ina kan hanyar nan, ko akuya ban taɓa bugewa ba. Kin ce irina ba sa daɗewa, kin kuma ce in yi ajiyar tsufa. To, wanne zan ɗauka? A tasha in layinka ya zo ka ƙi lodi, na bayanka ne zai ɗauka, kai kuma a yi ta maka dariya har babbar sallah. Da sawu na ukun nan na biya miki makaranta.

Allah ya yi miki albarka.
Mahaifinki, Mati

Katsina, 25 ga Ramadan

Baba,

Bayan gaisuwa da ban girma. Ban san ranar kowa ba, tsoro nake ji. Su yi dariyar. In ka yi sawu na uku, ba zan zo sallah ba, ka kuma san halina, naka ne.

Amatullah

Daura, 3 ga Shawwal

Amatullah,

Salamu alaikum. Kin ji an yi rashi, ba ki ji yadda aka yi ba.

Ranar jajibiri layina ya zo bayan la'asar, sawu na uku ke nan, na tuna ki, na ƙi. Maliki, abokina da ke bayana, ya tsokane ni ya kwashe fasinjojin. Shi ma ya riga ya yi biyu. Bai kai Kazaure ba. Na san ajalinsa ne, amma layina ne, kuma abin ya hana ni sakat. Shekarunsa duk a mota, bai bar wa matarsa Zinariya da 'ya'ya shida komai ba.

Kada ki ce mini lissafinku ya yi daidai. Ki aiko takardar fanshon, guda ashirin. Gobe zan tsaya gaban 'yan ƙungiyar direbobi in ce a soke sawu na uku ga kowa. In za su kore ni daga tashar, su kora.

Mahaifinki,
Mati