Bugu Ukun da Ka Yanke wa Waƙar Baba

Dutsin-Ma,
12 ga Satumba, 1984.

Zuwa ga ƙanena Ernest,

Gaisuwa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Ina fata kana lafiya, kai da matarka Magdalina da yara. Allah ya ƙara tsare ku a can Ikko. Mu nan lafiya lau. Ruwa ya yi ƙaranci bana, amma geron bayan gida ya fitar da kai, ƙafar Mama kuma ta yi sauƙi. Iyakar gaisuwar ke nan, domin ba marmarinka ya sa na ɗauki biro ba. Raina a ɓace yake, kuma kai ka ɓata shi.

Maganar takardar nan ce da ka aiko da Ista, wadda ka rubuta waƙar godiyar kaka ta Baba da alamominku na masu ilimin kiɗa. Malam Julius, sabon shugaban mawaƙan majami'armu, ya karɓe ta hannu biyu, ya buga kofe ashirin ya raba. Tun ranar da mawaƙa suka fara koyon ta na ji wani abu ya gurgunce, amma ban san sunansa ba. Sai na ajiye girmana na je na zauna gaban Malam Julius kamar 'yar aji ɗaya. Ya nuna mini alama mai kama da farin ƙwai marar sanda, ya ce bugu huɗu ake riƙe shi. Fari mai sanda, biyu. Baƙi mai sanda, ɗaya. Baƙi mai wutsiya kuwa rabi. Wato kowanne rabin na gabansa ne. To, ka ga na koya, ba sai na je kwaleji ba. Na bi layi da yatsa har inda ake cewa "mun gode", me zan gani? Baƙin ƙwai mai sanda. Bugu ɗaya tak!

Haba Ernest! A nan ne fa Baba yake ɗaga hannun nan nasa da aikin kafinta ya busar, ya riƙe murya har bugu huɗu, Mama ta saki guɗa a ciki. Don guɗarta ya buɗe wurin. Tun kana goye ake yin haka, a bayanta ka fara jin ta.

Bari ka ji abin da takardarka ta jawo. Lahadin farko na Agusta aka ɗauko waƙar, Mama ta rangaɗa guɗa kamar kullum, ashe mawaƙa sun riga sun wuce. Muryarta ta faɗa kan baiti na gaba ita kaɗai, samari suka kwashe da dariya. Da aka tashi, Malam Julius ya tare ta a bakin ƙofa, gaban jama'a, ya ce don Allah ta daina, tana ɓata waƙa, ai ɗanta ne mai digiri ya rubuta, kuma bai bar wa guɗa wuri ba. Ta juya ta tafi gida. Yau Lahadi biyar ba ta taka majami'a ba. Har maƙwabciyarmu Hajiya Sauda ta leƙo ta katanga tana tambaya ko jikin Mama ne, don ta kwana biyu ba ta jiyo guɗarta ba. Kunya ta rufe ni.

Na kuma san inda ka samo wannan ɓarna, don ina wurin. Wata bakwai Baba ya yi a kwance kafin ya rasu, kwana biyu ka yi mana. Ka zo da rikodarka ka kafa masa a baki, ni ina tallafe da bayansa. Mutumin da ƙirjinsa ya cika, ko sunana ba ya iya kira sai ya huta, shi ka sa ya yi waƙa. Da ya kai "mun gode" numfashi ya ƙare masa, ya yanke. Kai kuma ka koma Ikko ka saurari kaset, ka zana abin da ka ji. Ba ka tambayi Mama ba, ba ka tambaye ni ba, don mu jahilai ne ko? Ciwon Baba ka rubuta, Ernest, ka sa ana rera shi duk mako da sunan waƙarsa.

Na roƙi Malam Julius har na gaji. Ya kafe, wai ba zai taɓa ko ɗigo ba sai da sa hannun wanda ya rubuta. Tsofaffin mawaƙan da suka san yadda take, yawancinsu sun koma garuruwansu da aikin dam na Zobe ya ƙare. Yaran yanzu takarda kawai suka sani. Godiyar kaka kuma Lahadi na biyu ne a Nuwamba. In aka rera ta haka a ranar, gaban baƙi daga Kurfi da ƙauyuka, shi ke nan ta zauna.

Ga kofe ɗaya na haɗo maka. Na kankare baƙin ƙwan naka da reza, na zana fari marar sanda a wurin. Ka sa hannu a ƙasa ka dawo mini da ita kafin ƙarshen Oktoba. Kada ka aiko mini da dogon Turanci, ba na so.

Mama ba ta san na rubuto ba, kuma da ta sani da ta hana. Kare ka take yi. Ta ce mini wataƙila ita ce take kuskure duk shekara talatin ɗin nan, tunda kai ka yi karatu. Jiya ina shara na ji ta a bakin murhu tana tsince wake, tana rera waƙar a hankali. Da ta kai "mun gode" sai ta yanke, daidai yadda ka rubuta. Na jefar da tsintsiya na shige ɗaki.

Ka gaida Magdalina da kyau, ita ba ta yi mini komai ba. Ka shafa mini kan Simeon ƙarami, mai sunan Baba. Kawu Audi yana gaishe ku, Mama kuma kullum sai ta sa ka a addu'a. Tawa gaisuwar tana nan a ajiye sai ranar da na ga sa hannunka.

Ni ce yayarka,
Felicia