Mahaifiyata Ba Ta Gane Ni Sai a Talabijin

Uwargida Winifred, don Allah ki taimake ni da shawara, kaina ya ƙulle. Ba zan faɗi sunana ba, ko da yake rabin ƙasar nan sun san fuskata. Ni ɗan wasan kwaikwayo ne. Shekara ashirin da 'yan kai ke nan ina fitowa a wani shirin talabijin mai dogon zango, a matsayin mai shagon soyayyen kifi da dankali. Mu kira shi Clive. Da niyyar 'yan watanni na shiga, in sami na haya in koma dandamali inda na koyi sana'ar. Ga ni har yau ɗaure da ƙyallen aiki a ƙugu, ina barbaɗa gishiri.

Ba butulci nake yi ba, Clive ya ciyar da ni. Amma kuma ya cinye ni. A tashar bas Clive, a asibiti Clive. Ranar jana'izar mahaifina wani ya dafa ni a ƙofar coci yana tambaya ko zan mai da matata ta cikin shirin. Matata ta gaske kuwa tuni ta kama gabanta, ta ce ta gaji da zama da maza biyu, kuma wanda ake so ɗin ba shi take aure ba.

Yanzu wani gidan wasan dandamali a Sheffield ya ba ni babban matsayi a sabon wasa. Wakiliyata Philippa ta ce a shekaruna ba a samun irin wannan sau biyu. Masu shirinmu sun yarda su sake ni, har da murnarsu: za su kashe Clive da gobara a fitowar ranar Kirsimeti. Kin san halinsu, biki ba ya yi musu daɗi sai sun binne wani.

To ga inda na maƙale. Mahaifiyata tana gidan kula da tsofaffi a Harrogate, ciwon mantuwa ya ci ƙarfinta. Idan na je ranar Lahadi da biskit ɗin da take so, sai ta dube ni kamar mai karanta mitar wuta, ta ce in zauna ɗanta na nan tafe. Amma da yamma in an juya kujerarta an kunna shirin, sai ta nuna allon ta kira ni da sunan da take kirana ina yaro, ta ce wa kowa, "Ga yarona can, shagonsa ne na kansa." A wurinta duk gaske ne. Da aka taɓa lakaɗa wa Clive duka, abinci ta ƙi ci har sai da ta sake ganinsa a tsaye.

Idan ta ga shagon na ci da wuta fa? Idan kuma ta zauna ta jira ban fito ba? Ƙanwata Bridget, wadda ita ke yawan zuwa, ta ce in zauna inda nake, wai ni ko a talabijin na sami uwa, ita ko wannan ba ta samu ba. Ƙarshen wata ake jiran amsata: ko in sa hannu a ƙarin shekara uku, ko in tafi. Na tsani shagon nan, kuma ina jin kunyar tsanar da nake masa.

Wanda ya maƙale a bayan kantar shago, Leeds

Ɗan'uwa, sannu. Ka daina jin kunya, gajiya da aiki ɗaya ba saɓon uwa ba ne.

Abu biyu ka ƙulle wuri ɗaya: barin shirin da mutuwar Clive. Ka je wurin shugaban shirin da ƙafarka, ba ta bakin Philippa ba, ka faɗa masa abin da ka faɗa mini. Clive zai iya sayar da shago ya koma bakin teku da ransa. In sun nace sai gobara, a kashe talabijin ɗin Mama ranar, shi ke nan.

Sannan tsofaffin fitowar shirin suna nan jibge. Ka yi magana da likitanta da masu jinya, a riƙa sa mata su a lokacin da ta saba. Ba labarin take bi ba, fuska take nema. Amma a gwada tun yanzu, kafin ka ba kowa amsa. In ta karɓa, ka tafi Sheffield da zuciya ɗaya. In ta rikice, ka nemi shekara ɗaya maimakon uku, ka roƙi gidan wasan su tuna da kai. Za ka iya rasa wannan damar, ba zan ɓoye maka ba.

Bridget kuma ba hassada take yi ba, nauyi ne ya yi mata yawa. Ku raba ranaku, ka riƙe naka ko ana ruwan ƙanƙara.

Abu na ƙarshe: ka canza lokacin ziyara. Ka je da yamma, ka riƙo kifi da dankali da zafinsu, ka zauna kusa da ita a kunna shirin. Wataƙila ba za ta juyo ta gane ka ba. Amma kai da kanka ka ce duk ƙasar nan in an dube ka Clive ake gani. Mace ɗaya ce take duban Clive ta ga kai, har ta kira sunanka. Ka je ka ji da kunnenka tun tana iya faɗa.

Allah Ya ba Mama sauƙi, Ya buɗa maka hanya.

Winifred