Curin da Bai Motsa Ba

Baba,

Assalamu alaikum. Ya ƙafar? Ga hotuna uku, kar ka sake cewa ina ɓoye maka aikina. Cikin ƙwayar jijiya ne. Muna sa mata rini mai ƙyalli, ya riƙa kunnuwa yana mutuwa. Kyamarar da ke kan madubinmu mai ƙara girman ƙananan abubuwa ta ɗauki hoto dubu ashirin, kowanne 'yan ɗige-ɗige, kwamfuta ta haɗa, sai ka ga abin da madubin kaɗai ba ya iya nunawa. Dubi curin nan mai haske a dama. Ba wanda ya taɓa ganinsa! A kansa na rubuta kundin digirina na uku, ƙarshen wata zan kare. Farfesa sai washe baki yake.

A gaida Mama.
Autarka

Auta,

Wa alaikumus salam. Ƙafa da sauƙi. Mamanki ta ce sun yi kama da labulen falo. Ni kuwa da na yi shekara talatin a shagon hoto, sai na ɗora su kan juna na ɗaga wa taga. Kowace ƙwaya da kamanninta, amma curin naki wuri ɗaya yake, ko gezau. Na taɓa yin kyamara mai sa wa kowa tawadar Allah a kunci ɗaya, har wani ya dawo yana tambayata yaushe ta fito wa matarsa. Ki rufe bakin kyamarar, ki ɗauki duhu zalla. Ban so rubuta wannan ba, na san wahalar da kika sha.

Allah ya yi miki albarka.
Babanki

Baba,

Gaisuwa. Wallahi na ji haushinka, kwana uku ina zagaye na'urar. Jiya na rufe, na ɗauki duhun. Curin yana nan ɓaro-ɓaro. Kyamarar ce ta lalace a wurin, take ƙyalli da kanta. Daga ni sai kai muka sani. In na yi shiru, na zama dakta. In na faɗa, shekara uku ta tafi a banza. Tsoro nake ji. Ya zan yi?

Autarka

Baba,

Sallama. Amsarka ba ta iso ba, ni ma ban jira ba. Na kai wa Farfesa hoton duhun. Ya daɗe yana kallo, ya cire tabarau, ya ce mu faro daga farko. Na sha kuka a banɗaki, amma numfashina ya dawo.

Ka lallaɓa ka gaya wa Mama, ni ba zan iya ba. Ta riga ta gayyaci duk layinmu walimar gama karatuna.

Autarka