Kwamfutar da Ta Ƙi Gusawa

Zuwa ga Autata,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, da maigidanki da yaran. Ni dai lafiya, sai gwiwa, ita ma ta san wanda take yi wa.

Ban manta sharaɗinmu ba. Tun da na bar buta a kan wuta ta ƙone, kika ce kaina ya fara rauni, in tattara in dawo gidanki. Na ce a'a. Kika turo wasan kwamfutar nan, wai in na warware shi ni kaɗai, za ki bar ni a ɗakina.

Aikin kamar ba wuya: a tsinto lambobin da suka ɓuya cikin dogon layin haruffa. Na rubuta wa kwamfutar siffar abin da za ta nema, na ce ta yi ta zagayawa har ƙarshen layi. To, ta tafi ba ta dawo ba. Fankar cikinta na ta huci, allo shiru. Mai kemis na maƙwabta ya leƙo ya ce in kashe in kunna. Shi maganinsa ke nan ga kowace cuta.

Ba zan ɓoye miki ba, na ɗan tsorata. Na ce ko dai Auta ce da gaskiya.

Babanki.

Zuwa ga Autata,

Ina gaishe ku duka. Yaya tarin ƙaramin?

Albishirinki. Na sa kwamfutar ta riƙa faɗa mini inda take tsaye duk zagaye. Sai ga sifili, sifili, sifili, har allo ya cika. Ashe ko taku ɗaya ba ta yi ba. Alamar tauraro na sa a siffar da na rubuta mata, wadda ke nufin lamba ko da yawa, ko babu ma. Baiwar Allah ta duba harafin farko, ta samu babu, ta karɓa hannu bibbiyu, ta sake dubawa nan inda take. Na cire tauraro na sa alamar ƙari, wato aƙalla ɗaya. Kafin in gyara zaman tabarau ta kawo amsa, shafin wasan ya ce daidai.

Don haka ɗakin da kika yi wa fenti domina a gidanki, ki ba baƙi. Amma kar ki ce ban ji damuwarki ba: na sayi buta mai fito. Ita ma yanzu da bakinta take faɗa mini inda ta kai.

Ku zo ku sha shayi.

Naki har kullum,
Babanki.