Ashe Ba Ni Ne Na Ukun Ba

Zuwa ga Kawu Sule, a Maraɗi,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da girmamawa, ina fatan kana lafiya, da Inna Rabi da yara. Yaya ƙafar? Mu nan unguwar Nima sai godiya.

Ni ne Bashiru ɗan ƙanwarka, mai digiri a fannin tattalin arziki. Maƙasudin wannan wasiƙa shi ne babur ɗin da ka bar mini amana.

Ranar Talata ina kansa, motar hayar da muke kira torotoro ta matse ni a unguwar Mamobi, na afka wa teburin Hajiya Mariya mai wake da shinkafa. Tukunya ta kife ta ƙone mata hannu, babur ya lotse, yana hannun 'yan sanda.

Na tunkari ofishin inshora da ƙwarin gwiwa, domin takardarka ta ce "tad fati", wato mutum na uku. A nazarina kai ne na ɗaya, kamfani na biyu, ni matuƙi na uku. Ma'aikaciyar ta ce, "Masta, na ukun shi ne wanda ka buge." Gyaran babur ba ya ciki. Ko asibitin Hajiya ba za su biya ba sai ka shaida a rubuce cewa da izininka na hau.

Kawu, na san ɗumama injin kawai ka ce in riƙa yi. Amma 'ya'yan Hajiya kullum suna ƙofar gidanmu suna maganar kotu. Don Allah ka rufa mini asiri. A ilmance ɗumamawa ma nau'in izini ce.

Ina buƙatar amsarka a rubuce, da sa hannu, kafin Juma'a mai zuwa. A gaishe da kowa, a sa ni a addu'a.

Ɗanka,
Bashiru