Hancin Yaya

Litinin, 2 ga Safar
An sassauta kulle, kasuwa ta buɗe, amma Yaya ta ƙi komawa haɗa turarenta. Tun da ta tashi daga ciwon annobar nan, sai zama gaban kwalabe tana goge su. Matar da a da tun daga bakin ƙofa take cewa, "Auta, wa ya buɗe min miski?" Gidan ya cika shiru. Sai na tsokane ta, ko ta biyo ni da tsintsiya kamar da.

Alhamis, 5 ga Safar
Matar mai kemis ta aiko a haɗa mata kwalba biyu. Ita kaɗai ta rage cikin masu saye. Yaya ta haɗa da ƙyar. Tana shiga wanka na ɗiga ruwan albasa a ciki, na laɓe ina danne dariya. Ta fito ta kai hanci, ta daɗe, ta ce, "Madalla." Na ɗauka ramuwa ce, jira take in tona kaina. Na ƙi fitowa. Ta rufe ta aika.

Asabar, 7 ga Safar
Matar ta zo. Ko takunkumi bai rage mata murya ba: "Turare na ce ko miya? Maigidana cewa ya yi in koma in sake wanka!" Maƙwabta duk sun leƙo. Yaya ta karɓi kwalbar ta shinshina, ta sake shinshinawa. Ashe ba ta jin ƙamshin komai. Tun ciwon. Ba ta gaya wa kowa ba, ni na tona ta a gaban layinmu kaf.

Lahadi, 8 ga Safar
Bulalar da nake gudu a makarantar allo, yau ita nake nema. Ko uffan Yaya ba ta ce min ba.

Laraba, 11 ga Safar
Ta kwashe kwalaben a kwali ta tura ƙarƙashin gado. Na ce mata ni ce. "Na sani," in ji ta. "Ko ba albasarki, wata rana da hannuna zan yi. Mai turare ba hanci, me ya rage?" Gara ta zage ni.

Na je na faɗa wa matar mai kemis. Kallon da ta yi min, ba zan rubuta ba.

Litinin, 16 ga Safar
Na jawo kwalin, wai shara zan yi. Na buɗe ɗaya na ce, "Kai, wannan kamar lemo ya ruɓe." Tana kwance, fuska a bango. Can ta ce, "Mai jan murfi? Ya lalace, zubar." Ta juyo. "Na kusa da shi fa?"

Har tsintsiyar na manta da ita.

Asabar, 21 ga Safar
Ita ke awo da ka, ni ke shinshinawa. "Hancin nan naki mai shiga abin da ba ruwansa, yau ya samu aiki," in ji ta. Matar mai kemis ta yarda a kai mata ɗaya ta gwada, amma ta ce kada a aiko ni.

Da Yaya ta miƙo min kwalbar ƙarshe, ido ta zuba min. Duk abin da na ce, shi za ta yarda da shi. Tsiya ta zo min har bakin harshe, na haɗiye, na ce a ƙara miski kaɗan.

Ba wai aikin nake so ba. Albasa dai na daina ci da safe, shi ke nan.